Kanta: Yadda Ƙwayar Halitta ke Koyon Kare Kanta



Shugaban wannan zama, iyayenmu da suka taso takanas, malamaina da nake hangowa a sahun gaba, likitoci da ma'aikatan jinya, 'yan'uwana malamai, ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka shirya taron nan, musamman da suka yarda a yi shi da Hausa. Maganar jikin mutum ce za mu yi, kuma mai jiki ya cancanci ya ji ta da harshen da yake faɗin ciwonsa da shi.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a farkon damina ya san abin da zan fara da shi. Ranar farko tafin hannu yakan yi ja, ya yi bororo, da dare ko ƙwaryar tuwo ka ɗauka sai ka ji. Bayan mako biyu ko uku wurin ya yi kanta. Fartanyar ba ta sauya ba, gonar ma haka, amma hannun ya daina kuka. Wanda kuwa ya ƙi hutawa a ranar farko, ya yi ta noma har fata ta saɓule, shi gyambo zai samu. Wannan misali ne kawai, domin hanyar da fata ke yin kanta daban take. Amma irin wannan koyon yana faruwa a cikin ƙwayoyin halittar da aka gina jikinmu da su, waɗanda ɗalibanmu ke kira sel. Idan na ce ƙwaya a yau, su nake nufi. Batunmu shi ne yadda ƙwaya ke jin ɗan matsi daga oksijin, ta fahimci saƙon, ta ƙara wa kanta kariya kafin babban matsi ya iso. Zan bi shi a kan maki bakwai, wasu gajeru, wasu kuma zan ɗan zauna a kansu.

Na ɗaya: iskar da ke raya mu tana da kaifi.

Ku ɓara farin goro ku ajiye. Kafin ku gama gaisawa da maƙwabci ya fara rinewa. Ku bar adda ta kwana uku a raɓa, tsatsa ta kama ta. Man gyaɗa da ya daɗe a buɗe yakan sauya wari da ɗanɗano. Duk ukun da hannun oksijin a ciki, wanda shi ne kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Halinsa shi ne fizgar 'yan mitsi-mitsin nan da ake kira ilektiron daga jikin abin da ya samu.

Jikinmu ya mayar da wannan hali abin amfani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai ƙananan sassa, maitokondiriya, waɗanda zan kira murhun ƙwaya. A nan ake ƙona abincin da muka ci da oksijin a samu ƙarfi. To ina murhun da ba ya tartsatsi? Kaɗan daga cikin ilektiron yakan kuɓuce ya faɗa wa oksijin tun lokaci bai yi ba, sai a samu sufa-oksaid. Shi kuma ya rikiɗa ya zama haidirojin feroksaid. Idan wannan ya gamu da ƙarfe da ke yawo sakaka a cikin ƙwaya, sai ya haifi tartsatsin da ya fi kowane muni, wanda ke huda katangar ƙwaya, ya lalata furotin, ya taɓa kundin gado, wato DNA.

A 1954 wata masaniya 'yar Ajantina, Rebeca Gerschman, ta nuna cewa gubar oksijin da illar tururin nukiliya hanya ɗaya suke bi. A 1956 Denham Harman a Amurka ya ce wannan ɓarna da ke taruwa ita ce tsufa. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich a Jami'ar Duke suka gano wani inzayim, SOD, wanda aikinsa kawar da sufa-oksaid. A 1985 Bajamushe Helmut Sies ya raɗa wa lamarin suna, abin da za mu kira matsin oksijin: lokacin da tartsatsi ya rinjayi masu kashe shi.

Masu kashe shin kuwa kowa a nan ya taɓa ganin aikin ɗaya daga cikinsu. Haidirojin ɗin nan da ake saye a kemis, idan aka zuba a kan rauni sai ya yi kumfa fari yana ɗan tsuwa. Mutane kan ce datti ne ke fita. Kumfar nan oksijin ce. Wani inzayim da ke cikin jini da nama, katales, shi ne ya farfasa feroksaid ya mayar da shi ruwa da iska nan take. Nakan sa ɗalibai su yanki 'yar tsokar hanta ɗanya su jefa a cikinsa, kumfa ta taso har ta zubo daga kwalba. Idan suka dafa hantar suka sake jefawa, shiru.

Shekaru da yawa an tsaya a nan: tartsatsi maƙiyi ne, a kashe shi duk inda aka gan shi. Sai aka lura ƙwayoyi da kansu suna ƙera feroksaid da gangan. Fararen ƙwayoyin jini da shi suke ƙona ƙwayoyin cuta. A 1995 ayarin Toren Finkel ya nuna cewa idan aka share feroksaid daga cikin ƙwaya, saƙon da ke ce mata ta girma ba ya isa. Sies da kansa ya dawo ya raba matsin gida biyu, mai amfani da mai cutarwa. A ƙiyasinsa, feroksaid a cikin ƙwaya mai lafiya yana tsakanin nanomola 1 zuwa 10, kuma idan ya haura 100 an shiga ɓarna.

Na biyu: abin da aka gani kafin a san dalilinsa.

A 1983 Bruce Demple da James Halbrook suka ɗauki bakteriyar nan ta hanji, E. coli, suka raba biyu. Kashi ɗaya suka ɗan ɗiga mata feroksaid da bai isa ya kashe ta ba, suka jira. Sannan suka kwara wa duka biyun mai kisa. Wadda aka ɗiga wa tun farko ta tsira da yawa, ɗayar ta mutu. Da suka hana ƙwayoyin ƙera sabon furotin a lokacin jiran nan, kariyar ba ta samu ba. Ashe a wannan ɗan tsakanin ƙwayar gini take yi. A 1985 ɗakin binciken Bruce Ames ya ƙirga furotin kimanin 30 da bakteriya ke ƙara ƙerawa bayan irin wannan ɗigo.

Wani zai ce ai bakteriya ce. To ga zuciya. A 1986, a Duke, Charles Murry da Robert Jennings da Keith Reimer suka toshe jijiyar da ke ciyar da zuciyar kare na minti 5, suka sake ta minti 5, har sau huɗu. Bayan nan suka toshe ta minti 40. Naman zuciyar da ya mutu bai wuce rubu'in wanda ya mutu a karnukan da aka toshe wa minti 40 kai tsaye ba. Ku yi lissafi: karnukan farko sun fi daɗewa babu jini a jimlace, amma zuciyarsu ce ta fi tsira. Daga baya aka nuna a zomaye cewa idan aka ba da maganin kashe tartsatsi a lokacin gajerun toshewar nan, kariyar takan ɓace. Masana na kiran wannan ɗabi'a homesis, kalmar da aka fara amfani da ita a 1943.

Na uku: wa ke jin tartsatsin, kuma wa yake gaya wa?

Nan ne zuciyar laccar, ku ba ni aron hankalinku. Furotin biyu ne manyan 'yan wasa, Nrf2 da Keap1. An gano Nrf2 a 1994 a ɗakin binciken Yuet Wai Kan a San Francisco. A Japan, ayarin Masayuki Yamamoto ya nuna a 1997 cewa ɓerayen da aka cire wa Nrf2 ba sa iya tayar da inzayim na kariya yadda ya kamata, kuma a 1999 suka gano Keap1.

Nrf2 ɗan aike ne. Idan ya shiga cibiyar ƙwaya, inda kundin gado yake, yakan sauka a kan wata alama da ke gaban wasu shafuka, ya sa a buɗe su a fara aiki da umarnin da ke ciki. Shafukan sun haura 200. Amma a ranar da lafiya lau, ba ya isa can. Ana ƙera shi, Keap1 ya cafke shi ta wuri biyu, a manna masa lamba kamar yadda ake shafa wa buhu fenti a kasuwar hatsi, lambar kuma ma'anarta a kai shi injin markaɗe. Cikin kimanin minti 20 rabin wanda aka ƙera ya tafi. A sake ƙerawa, a sake markaɗewa, dare da rana.

Lokacin da na fara karanta wannan ina ɗalibi, raina bai kwanta ba. Me zai sa ƙwaya ta yi ta kashe ƙarfinta tana ƙera abin da za ta rushe? Amsar na gan ta a fadama. Manomin rani idan ya tayar da injin ban-ruwa, ruwa yakan yi ta gudu a babbar hanya. Idan yana so ya shayar da wani fangali, ba ya komawa bakin rafi ya sake tayar da inji. Fartanya ɗaya ta laka yake ɗauka, ya toshe nan ya buɗe can, ruwa ya shiga nan take. Haka ƙwaya ta yi. Ɗan aiken kullum yana kan hanya, abin da ake buƙata kawai a dakatar da mai cafke shi.

Yaya ake dakatar da shi? Jikin Keap1 cike yake da wani tubali da ake kira sisteyin, guda 27 a na ɗan Adam, kowanne ɗauke da ƙwayar zarra ta farar wuta. Farar wutar nan ita ce kunnensa. Idan feroksaid ya ƙaru, ko wani sinadari mai neman inda zai maƙale ya shigo, su ne farkon abin da yake taɓawa. Kuma ba kunne ɗaya ke jin komai ba: na lamba 151 yana jin wasu sinadaran tsirrai, wasu daban kuma suna jin feroksaid. Da an taɓa su, siffar Keap1 ta ɗan karkace, manna lamba ya tsaya. Sabon Nrf2 da ake ƙerawa ya wuce salin alin, ya taru, ya shiga cibiya.

Me ake buɗewa? Ana ƙara ƙera gulutatayon, babban mai kashe tartsatsi na cikin ƙwaya. Ana ƙara inzayim da ke ɗaure guba su sa ta narke a ruwa don ta fita ta fitsari ko ɗaci. Ana ƙara feritin, rumbun da ke kulle ƙarfe kada ya yi yawo. Ana ƙara masu gyara furotin da tartsatsi ya taɓa, da masu samar da NADPH, wanda shi ne cajin da duk waɗannan ke aiki da shi. Ku lura da bambanci guda. Mitsitsin bitamin C guda ɗaya yakan kashe tartsatsi ɗaya ko biyu, sai ya jira a sake yi masa caji. Katales guda ɗaya kuwa yana farfasa miliyoyin feroksaid a daƙiƙa ɗaya, kuma yana nan daram.

Idan ƙura ta lafa, sabon Keap1 ya koma bakin aiki, Nrf2 ya ragu. Amma inzayim da aka ƙera suna nan na sa'o'i ko kwanaki. Wannan ragowar ita ce kantar.

Akwai wasu hanyoyin. FOXO na ƙara SOD da katales. HSF1 na tayar da masu miƙe furotin da ya lanƙwashe. PGC-1 alfa na sa a ƙara gina murhu a cikin tsoka. Suna magana da juna, amma lokaci ba zai bari mu bi su ba.

Na huɗu: motsa jiki da kwalbar bitamin.

Tsokar da ke aiki tana ƙara tartsatsi, wannan tabbas ne. Sai mutane suka yi lissafi mai kama da gaskiya: tunda motsa jiki na da amfani, tartsatsi kuma na da illa, a haɗa motsa jiki da maganin tartsatsi a ci riba biyu. Michael Ristow da abokansa a Jamus suka gwada, suka buga sakamakon a 2009. Samari 39 suka yi mako 4 suna motsa jiki. Wasunsu suna shan bitamin C miligiram 1,000 da bitamin E awo 400 kullum, wasu ba sa sha. Waɗanda ba su sha ba, jikinsu ya ƙara jin insulin, abin da ke nisanta mutum daga ciwon suga, kuma tsokarsu ta ƙara SOD da sauran masu kariya. Waɗanda suka sha, wannan ribar ba ta bayyana ba. Sun yi gumin, amma an tare saƙon a hanya.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. A Finland an gwada beta-karotin a kan maza masu shan taba 29,133, da fatan zai kare huhunsu. Sakamakon 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. Wani gwajin a Amurka mai mutane sama da 18,000 dakatar da shi aka yi a 1996, saboda ƙarin ya kai kashi 28.

Kada a fita daga nan a ce na hana shan bitamin. Mai ciki da aka rubuta wa folik asid ta sha. Yaron da ake ɗiga wa bitamin A a kai shi. Wanda jikinsa ya rasa wani abu a cike masa. Wanda ya sha farasitamol fiye da kima har gulutatayon na hantarsa ya ƙare, maganin da ke maido da shi ne zai ceci ransa. Abin da ke damuna shi ne mai lafiya da ke rage kuɗin cefane don sayen kwalba mai tsada saboda an rubuta mata anti-oksidan, wato mai kashe tartsatsi. Na san gidajen da ake yin haka, kuma yana yi mini ciwo.

Na biyar: abin da ke cikin akushi.

Paul Talalay na Jami'ar Johns Hopkins ya daɗe yana tambayar me ya sa ganyaye ke tayar da inzayim na kariya. A 1992 ayarinsa ya ciro amsar daga burokoli, ɗan'uwan kabeji: wani sinadari mai suna salforafen. Abin sha'awa, shi ba ya kashe tartsatsi da kansa. Makamin tsiro ne na korar ƙwari. A cikin ganye an ajiye shi kashi biyu a ɗaki daban-daban, sai haƙori ko wuƙa ta fasa ganyen su haɗu, ɗan yaji-yajin nan ya fito. A jikinmu yakan je ya taɓa kunnen Keap1 na lamba 151. Ƙwaya ta ji kamar an ƙwanƙwasa ƙofa, ta tashi ta shirya.

An gwada a mutane. A Qidong ta ƙasar Sin, inda iska ke da gurɓata, an ba mutane 291 abin sha na mako 12, wasu mai tsiron burokoli, wasu maras shi. Rahoton 2014 ya nuna masu shan na tsiron sun ƙara fitar da benzin ta fitsari da kashi 61 cikin ɗari.

Mu kuma muna da zogale. Ganyensa da irinsa na ɗauke da wani ɗan dangin salforafen, moringin, kuma an nuna a ɗakin bincike yana tayar da Nrf2. Sinadaran farar wuta da ke cikin tafarnuwa ma haka. Sai dai tayar da Nrf2 a cikin kwalbar gwaji daban, warkar da cuta a jikin mutum daban. Zogale abinci ne mai kyau, ku ci kwaɗonku, ku sa a miya. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganinsa saboda shi.

Na shida: jininmu.

A nan maganar ta shigo gida. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana da jinin AS. Me ya sa gadon da ke haifar da sikila, idan ya zo ta uwa da uba, ya yawaita haka a ƙasashen sauro? Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro. An tabbatar daga baya cewa kariyar daga zazzaɓi mai tsanani ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari. Hanyoyin da take bi suna da yawa, amma ɗaya ta shafe mu yau.

A cikin himogulobin, jan sinadarin da ke ɗaukar oksijin, akwai wani zobe mai ƙarfe a tsakiya, sunansa hem. Yana wurinsa, lafiya. Ya kuɓuce, ya zama mai hura tartsatsi. Idan maleriya ta yi tsanani, jajayen ƙwayoyin jini sukan farfashe, hem ya malala, ya ɓata jijiyoyin jini har na ƙwaƙwalwa. A 2011 ayarin Miguel Soares a Cibiyar Gulbenkian ta Fotugal ya yi aiki da ɓeraye masu ɗauke da himogulobin irin na sikila. Suka ga jininsu kullum yana ɗan yoyon hem kaɗan-kaɗan. Wannan yoyon, ta hanyar Nrf2, ya sa jikinsu ya riga ya tanadi wani inzayim, HO-1, mai farfasa hem. Da aka sa musu maleriyar da ke kashe ɓeraye ta ƙwaƙwalwa, suka rayu. Yawan ƙwayar cutar a jininsu kuwa daidai yake da na waɗanda suka mutu. Jikinsu bai fi kashe cutar ba, ya fi jure ɓarnarta ne.

Kun san me HO-1 ke fitarwa idan ya farfasa hem? Har da kabon monoksaid, iskar nan ta hayaƙin janareta da ke kashe iyali guda a ɗaki cikin barci. Jiki na ƙera ɗan mitsitsinta da gangan, kuma a ɓerayen nan ita ce ta maƙale wa himogulobin ta hana hem ci gaba da zuba. A ɓeraye aka yi wannan aikin, ina nanatawa. Mai AS yana kamuwa da maleriya, ya kwana a gidan sauro kamar kowa. Kuma a mai SS yoyon ya zama ambaliya, ya fi ƙarfin kariyar, shi ya sa gwajin jini kafin aure yana nan a matsayinsa.

Ga ɗaya gefen. Jar ƙwayar jini da ta nuna ba ta da cibiya. Ba kundi, ba inda Nrf2 zai kai saƙo. Kwana 120 da za ta yi a duniya, da guzurin da ta fito da shi daga ɓargo za ta yi su. Cajinta na NADPH kuma ta hanyar inzayim ɗaya yake zuwa, G6PD. Mutane kimanin miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa, ya yawaita a Afirka kudu da Sahara, ya fi bayyana a maza. Irin wannan mutum lafiyarsa ƙalau, sai ranar da ya gamu da abin da ke hura tartsatsi a jini: wasu magunguna irin su firimakwin, ko kafur.

Kafur ɗin nan fari mai kama da alewa da ake sa wa a akwatin kaya. Na taɓa tsayawa a ɗakin jarirai na wani asibiti kusa da wata uwa. Ɗanta kwana biyar da haihuwa, idonsa da tafin ƙafarsa sun yi ɗorawa, yana kwance a ƙarƙashin shuɗiyar fitila da ƙyalle a ido. Ta buɗe jakar kayansa za ta ɗauko riga, warin kafur ya bugi kowa. Wata uku tana tanadin kayan nan, ta wanke, ta goge, ta jera, ta sa kafur don kada asu ya taɓa. Ƙauna ce ta sa ta, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata. Iyayena mata da ke nan, ku isar mini da wannan: kayan jariri da kafur kada su haɗu, kuma shawara a jariri asibiti ake kai ta a ranar da aka gan ta.

Na bakwai: iyakar lamarin.

Wani zai iya cewa, to tunda ɗan matsi na ƙarfafa jiki, hayaƙin murhu ma horo ne. A'a. Sharuɗɗan biyu ne, kuma tun a gona muka gan su: matsin ya zama kaɗan, kuma a samu hutu a tsakani. Matar da ke durƙushe a madafa marar taga safe da yamma shekara ashirin ba ta samu ko ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara. Taba sigari, feshin maganin ƙwari ba tare da rufe hanci ba, gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, duk sun wuce abin da ƙwaya za ta koya daga gare shi. Ƙari a kan haka, amsawar Nrf2 tana raguwa da tsufa, don haka abin da saurayi zai ɗauka ya ƙaru, dattijo a bi shi a hankali.

Kariyar ma idan ta ƙi kashewa matsala ce. A 2003 ayarin Yamamoto ya samar da ɓeraye marasa Keap1, wato Nrf2 a kunne kullum. Kuna tsammani sun fi kowa lafiya? Cikin mako uku da haihuwa suka mutu. Fatar cikin maƙoshinsu ta yi kauri har abinci ya kasa wucewa. Kanta ce ta toshe hanya.

Kansa ma ta gano wannan makunni. A wani nau'in kansar huhu, kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da sauyin gado da ke barin Nrf2 a kunne. Ƙwayar kansar takan yi amfani da garkuwar da aka yi don mai lafiya, ta kare kanta daga magani da gashi. Shi ya sa masu haɗa magani ke takawa a hankali. An samu nasara: a 2013 Amurka ta amince da Tecfidera, mai tayar da Nrf2, don cutar da garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, a 2023 kuma Skyclarys don wata cutar jijiya ta gado. An kuma yi tuntuɓe: a 2012 aka dakatar da gwajin badoksolon, shi ma mai tayar da Nrf2, a kan mutane 2,185 masu ciwon suga da ciwon ƙoda, saboda ciwon zuciya ya ƙaru a cikinsu.

Ɗalibaina, ina da roƙo. Moringin sai an fasa ganye ɗanye yake fita sosai, domin tafasa na kashe inzayim da ke sakinsa, kamar dai hantar nan da muka dafa, ko da yake bakteriyar hanji na yin wani ɓangare na aikin. Mu kuwa zogalenmu dafa shi muke yi, wasu su tsiyaye ruwan su zubar, wasu su shanya a rana, wasu a inuwa su daka. Ina so in ga ɗayanku ya bi gidaje ya rubuta yadda iyayenmu ke sarrafa shi, minti nawa a wuta, me ake haɗawa, sannan ya dawo ɗakin bincike ya auna abin da ya rage a kowanne. Ganyen yana bayan gidanku, masu dafa shi kuma ku kuka fi kowa jin maganarsu.

Shugaba, a nan zan dakata.   Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu za a kawo masa makirufo, kuma ina roƙon a fara da ɓangaren iyayenmu mata.